Yadda Za Ka Zauna Lafiya da Linux Ko da Kamfanoni Ba Su Tsaya Maka Ba

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Wadda ta gaje ta, Windows 11, tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8 zuwa sama. Duk wanda ya taɓa zagayawa Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja ya san irin kayan da suka cika kantuna: HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, ThinkPad T460, duk zubi na 6, lafiyarsu ƙalau, amma a hukumance ba su cancanci hawa sabuwar manhajar ba. Wannan ne ya sa mutane da yawa suka fara tambaya a kan Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara rubuta zuciyarta a Helsinki a 1991.

Kafin mu shiga aiki, gara ka san inda za ka sa ƙafa. Alƙaluman StatCounter, shafin da ke ƙirga masu amfani da manhajoji, sun nuna cewa a 2024 ne masu Linux suka haura kashi 4 cikin ɗari na kwamfutocin tebur da na tafi-da-gidanka a duniya. Kamfanin da ke ƙera firinta ko rubuta manhajar lissafin kuɗi yana duban wannan adadin, sai ya ga bai kai ya ɗauki ma'aikata dominsa ba. Saboda haka idan abu ya ƙi aiki, sau da yawa babu lambar da za ka kira, kuma mai gyaran unguwarku abin da zai fara cewa shi ne, "Kawo in mayar maka da Windows." Aikin da kamfani zai yi maka bayan ka saya, kai ne za ka yi wa kanka kafin ka ɗora. Kusan duk abin da ke cikin wannan jagora ke nan.

Mataki na 1: Rubuta abin da kake ci da shi

Ɗauki takarda da biro. Rubuta kowace manhaja da ka buɗe a cikin wata ɗaya da ya wuce, da kowace na'ura da kake haɗawa da kwamfutar: firinta, sikana, modem, kyamara, na'urar ɗaukar hoton yatsa. Sannan ka raba su gida uku.

Gida na farko su ne waɗanda suke da sigar Linux daga masu su: Firefox, Chrome, Zoom, Telegram, VLC, OBS Studio, Audacity, Zotero. Waɗannan babu damuwa. WhatsApp, Gmail, Google Docs da shafukan banki duk a burauza suke tafiya.

Gida na biyu su ne waɗanda babu su amma akwai madadinsu. Microsoft Office ba ta da sigar Linux, sai dai LibreOffice ko OnlyOffice, ko kuma Office ɗin da ake buɗewa a burauza. Photoshop babu, akwai GIMP da Krita. Mai haɗa bidiyo yana da Kdenlive, ɗalibi mai nazarin alƙaluma yana da R da jamovi da PSPP. Dukkan waɗannan suna da sigar Windows, don haka ka sauke su tun yanzu, ka yi aikinka na gaske da su na mako biyu kafin ka taɓa komai. Idan LibreOffice ba ta yi maka ba a kan Windows, ba za ta yi maka a kan Linux ba.

Gida na uku shi ne mai yanke hukunci: abin da babu shi, kuma madadinsa ba zai karɓu a wurin abokan hulɗarka ba. Mai zanen katin biki da fasta wanda kullum yake kai fayil ɗin CorelDRAW wurin masu ɗab'i, Inkscape za ta iya buɗe wasu daga cikin irin waɗannan fayiloli, amma ba zan ba shi shawarar ya jingina cinikinsa a kan haka ba. Haka mai AutoCAD, mai Sage 50, mai gyaran waya da ke aiki da akwatin filashin, da wakilin rajista wanda na'urar yatsansa ta zo da manhajar Windows kaɗai. Ɗalibin da makarantarsa ke sa shi jarrabawa ta manhajar da ke kulle kwamfuta shi ma ya bincika, domin yawancinsu ba sa tafiya a Linux. Idan abincinka yana wannan gida, kada ka goge Windows. Ka ajiye ta tare da Linux a kwamfuta ɗaya, za mu zo kan yadda ake yi.

Mataki na 2: Zaɓi wadda jama'a suka fi yawa a kanta

Linux ba guda ɗaya ba ce, ɗaruruwa ce, kuma sabon shiga yakan ɓata makonni yana kwatanta su. Shawarata gajeriya ce: Linux Mint ko Ubuntu mai dogon tallafi. Dalilin kuwa shi ne, ɗan tallafin da kamfanoni ke bayarwa, idan sun bayar, kusan kullum da Ubuntu suke farawa, wadda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, yake fitarwa tun 2004. Mint a kan Ubuntu aka gina ta, don haka abin da ya yi aiki a can yakan yi a nan, fuskarta kuma ta yi kama da wadda mai Windows ya saba da ita. Mint 22 tana kan Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da kula da ita har 2029. Mint tana zuwa da fuskoki daban-daban: idan kwamfutarka tana da RAM gigabait 8, ɗauki sigar Cinnamon. Idan 4 ne, Xfce za ta fi sakewa.

Mataki na 3: Gwaji daga filas, kafin a taɓa komai

Nan ne zan fi daɗewa, domin wanda ya yi wannan matakin da kyau ya rage wa kansa mafi yawan wahalar da ke gaba.

Sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ke ɗauke da manhajar gaba ɗaya, daga shafin Mint na asali. Girmansa ya kusa gigabait 3, don haka ka nemi Wi-Fi ko datar dare. Saukewa takan yanke a tsakiya idan sabis na rawa, fayil ɗin ya lalace ba ka sani ba, saboda haka ka kwatanta lambar SHA256 ɗinsa, wadda ke nuna ko fayil ya iso lafiya, da wadda aka wallafa a shafin. Samu filas mai gigabait 8 wanda babu abin da kake so a ciki, ka rubuta fayil ɗin a kansa da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Sake kunna kwamfutar kana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Mint za ta buɗe daga filas ɗin kai tsaye, ba tare da ta rubuta komai a ma'adanar kwamfutarka ba.

Yanzu sai ka zama mai bincike. Haɗa Wi-Fi. Kunna sauti ta lasifika, sannan ta abin kunne. Buɗe kyamara, gwada makirufo. Ƙara hasken allo ka rage da maɓallansa. Haɗa Bluetooth. Rufe murfin kwamfutar na minti biyu ka buɗe, ka ga ko ta farka, domin wannan yana cikin abubuwan da suka fi ba da matsala kuma mutane suka fi mantawa da gwadawa. Jona majigi ko talabijin ta HDMI idan kana koyarwa. Jona firintarka ka buga shafi ɗaya. Duk abin da ya ƙi, rubuta shi.

Sannan buɗe Terminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta waɗannan, ɗaya bayan ɗaya:

lspci -nnk
lsusb
inxi -Fxz

Abin da za su nuna maka shi ne ainihin sunan guntun da ke cikin na'urarka. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin Linux ba ruwanta da sunan da aka manna a jikin kwali. Kwamfutoci biyu masu suna ɗaya, ɗaya na iya zuwa da katin Wi-Fi na Intel wanda ke aiki nan take, ɗayar da na Broadcom wanda sai an nemo masa direba, wato 'yar manhajar da ke sa guntu ya yi aiki. Da sunan guntun za ka yi bincike.

Idan sayen kwamfutar za ka yi, tafi kasuwa da filas ɗin a aljihu, ka roƙi mai shago ya bari ka tayar da ita da shi. Minti goma sun isa, gani ya kori ji. Jerin ThinkPad, Latitude da EliteBook na ofis sun fi zama lafiya da Linux, kuma tsohuwar da ta shekara biyar ta fi sabuwa fil sauƙi, domin an daɗe da rubuta direbobinta. Ka kuma tabbatar ba a kulle BIOS, wato saitin da ake shiga kafin babbar manhaja ta tashi, da kalmar sirri ba, abin da ake yawan samu a kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin Turai da Amurka.

Mataki na 4: Shirya hanyar komawa

Kwashe duk takardunka da hotunanka zuwa wata ma'adana ta waje, ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar sun kwafu. Na taɓa ganin ɗalibin da ya rasa babi uku na kundin digirinsa saboda ya danna zaɓin goge ma'adana gaba ɗaya yana zaton ɓangare ɗaya kawai zai tafi. Ba a dawo da su ba.

Idan za ka bar Windows a gefe, yi abubuwa huɗu a cikinta tukuna. Duba ko BitLocker, makullin da Windows ke sa wa ma'adana, a kunne yake, in haka ne ka rubuta lambar ceto mai alƙaluma 48 a takarda, sannan ka kashe shi kafin ka fara. Kashe Fast Startup a cikin saitin wuta, domin yana barin ma'adanar a rabin kulle, Linux ta kasa rubutu a ɓangaren Windows. Buɗe Disk Management ka rage girman C, wato ɓangaren da Windows take, ka bar aƙalla gigabait 60 fili, 100 ya fi. Na huɗu, idan lokacin gwaji Mint ba ta ga ma'adanarka ba sam, yawanci saitin ma'adana mai suna Intel RST ne a BIOS, sai an mayar da shi AHCI. Kada ka canja shi kai tsaye, Windows za ta ƙi tashi. Sai ka fara sa ta ta tashi a Safe Mode, ka canja, ta tashi sau ɗaya a haka, sannan ka mayar da ita yadda take.

Mataki na 5: Ɗorawa

Wannan shi ne mafi sauƙi. Cika batir, kuma kada ka fara sai kana da tabbacin wuta ko janareta na awa ɗaya. Tashi daga filas, danna Install Linux Mint, sa alama a akwatin da ke maganar kodek na sauti da bidiyo, sannan ka zaɓi ɗorawa a gefen Windows ko goge komai, gwargwadon abin da ka yanke a mataki na 1. Idan Secure Boot, wani saitin tsaro na BIOS, a kunne yake, za a nemi ka ƙirƙiri wata kalmar sirri ta wucin gadi. Da ka sake kunnawa wani shuɗin allo zai fito, zaɓi Enroll MOK ka shigar da ita. Mutane da yawa suna tsallake wannan allon don tsoro, daga baya direban katin hoto na NVIDIA ko na Wi-Fi ya ƙi tashi su rasa dalili.

Da ta buɗe, abu na farko shi ne Timeshift. Yana ɗaukar hoton tsarin kwamfutar yadda yake, idan wani abu ya lalace ka koma jiya. Saita shi, ɗauki hoto ɗaya, sannan ka buɗe Update Manager. Ka lura, Timeshift tsarin yake karewa, takardunka kuwa kwafinsu yana wuyanka.

Masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya za su ga agogon Windows yana kuskure da awa ɗaya a Najeriya da Nijar, saboda kowacce da yadda take karanta agogon cikin na'ura. Wannan umarnin a Linux yana gyara shi:

timedatectl set-local-rtc 1

Mataki na 6: Abubuwan da suka ƙi

Wi-Fi. Idan babu shi, jona wayarka da kebul, ka kunna raba intanet ta USB a saitin wayar. Linux za ta gan ta kamar kebul ɗin intanet na ofis, ba ta buƙatar direba. Daga nan buɗe Driver Manager, shi zai nemo na Broadcom ko NVIDIA ya ba ka ka zaɓa. Idan katin ya ci gaba da yankewa, kada ka kashe mako guda a kansa. A yawancin kwamfutocin ofis ana iya cire katin a sa na Intel, kuma ba shi da tsada a wurin masu kayan gyara, sai dai wasu tsofaffin HP da Lenovo suna ƙin katin da ba ya cikin jerinsu, don haka a gwada a shagon kafin ka biya.

Firinta. Yawancin firintocin zamani masu Wi-Fi ko kebul na ofis suna bin ƙa'idar IPP Everywhere ko AirPrint, Mint takan gan su da kanta ba tare da direba ba. Tsofaffin ne ke son lallashi. HP tana da manhajar direbobinta mai suna HPLIP, kuma samfura irin LaserJet 1020 da P1102, waɗanda suka cika shagunan buga takardu, suna buƙatar ƙarin wani ɗan fayil da umarnin hp-plugin ke saukewa. Epson da Brother suna wallafa direbobin Linux na samfura da yawa a shafukansu. Canon LBP2900 da 'yan uwanta masu direban CAPT suna iya aiki, amma saitinsu yana da wuya ga sabon shiga. Kafin ka sayi kowace firinta, nemi sunanta a rumbun OpenPrinting.

Na'urar yatsa da ke jikin kwamfuta, da kyamarorin wasu sababbin kwamfutoci, su ne inda za ka fi jin rashin kamfani. Wasu suna aiki, wasu ba su da direba ko kaɗan. Ta yatsa, ka haƙura ka yi amfani da kalmar sirri. Kyamara kuwa, ƙaramar ta USB tana magance matsalar, domin kusan dukkansu ƙa'ida ɗaya suke bi.

Sabunta BIOS. A da yawanci da Windows ake yi. Yanzu Dell, Lenovo da HP suna saka na samfura da yawa a rumbun LVFS, sai ka rubuta fwupdmgr refresh, sannan fwupdmgr update. Kada ka yi wannan sai caja na jone kuma batir a cike.

Mataki na 7: Takardun da za ka aika wa mutane

Ƙorafin da na fi ji shi ne, "Na aika takarda, ta isa a wargaje." Sau da yawa laifin samfurin haruffa ne. Takardar da aka rubuta da Calibri, idan babu shi a kwamfutarka, za a maye shi da wani mai faɗi daban, shafuka su zame. Ɗora waɗannan haruffa da wannan umarnin a Terminal, inda sudo ke nufin a yi aikin da cikakken iko a kan kwamfutar:

sudo apt install ttf-mscorefonts-installer fonts-crosextra-carlito fonts-crosextra-caladea

Na farkon yana kawo Times New Roman da Arial, Carlito da Caladea kuma an auna su daidai da faɗin Calibri da Cambria. Saita LibreOffice ta riƙa ajiyewa a docx da xlsx idan da masu Office kake aiki. Abin da za a karanta ko a buga kawai, aika shi a PDF, ba mai iya wargaza shi. Fayil ɗin Excel mai ɗauke da makro masu yawa kuwa, wato umarnai masu aiki da kansu, ka gwada shi sosai kafin ka dogara.

Wani abin da ke faranta mini rai: a saitin allon rubutu akwai tsarin Hausa na Najeriya da na Gana ba sai ka sauke komai ba. Ƙara shi, ka duba hoton tsarin don ganin inda ɓ, ɗ da ƙ suke, ka huta da kwafo su daga wani wuri. Haruffan Noto da DejaVu suna nuna su daidai. Mai rubutun ajami kuma ya nemi samfurin haruffa na Alkalami, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta zana bisa salon rubutun hannu na ƙasar Kano, da Harmattan.

Mataki na 8: Manhajar Windows guda ɗaya da ta rage

Hanyoyi uku ne. Wine, aikin da aka fara tun 1993, yana tafiyar da manhajojin Windows kai tsaye, kuma manhajar Bottles tana sauƙaƙa saitinsa. Yana yin kyau da ƙananan manhajoji da tsofaffi, amma ka duba sunan taka a rumbun WineHQ tukuna. A kan Wine ne kamfanin wasanni na Valve ya gina Proton a 2018, shi ya sa dubban wasanni ke tafiya yanzu, ban da wasu na intanet masu manhajar hana maguɗi. Hanya ta biyu, ka ɗora Windows a cikin manhajar VirtualBox, ta buɗe kamar taga a cikin Linux. Wannan yana son RAM gigabait 8 aƙalla, kuma ana iya miƙa mata na'urar USB kai tsaye, abin da ke ceton mai tsohuwar sikana. Ta uku ita ce sake kunna kwamfuta ka shiga Windows ɗin da ka bari a gefe. Ga CorelDRAW, AutoCAD da akwatin filashin, ta ukun nake ba da shawara. Idan Windows 10 ce wadda ba ta samun gyaran tsaro, yi aikin da ya kai ka kawai, harkar banki da imel ka bar su a Linux.

Mataki na 9: Zama da ita, da neman taimako

Ɗauki manhajoji daga Software Manager. Inda ka ga zaɓi biyu, na tsarin da na Flatpak, wata hanyar raba manhajoji ta daban, ka san cewa Flatpak na farko da za ka sauke yana iya jawo ɗaruruwan megabait na kayan da yake dogara da su, don haka mai ƙirga data ya fara duba girman. Sabunta kwamfutar sau ɗaya a mako. Idan bayan sabuntawa wani abu ya daina aiki, sake kunnawa ka riƙe Shift ko ka danna Esc, shiga Advanced options, ka zaɓi tsohuwar zuciyar manhajar, wadda ba a goge ba. Kada ka liƙa umarnin da ya fara da sudo alhali ba ka san abin da yake yi ba, musamman wanda aka rubuta shekaru da yawa da suka wuce don wata siga daban.

Masu taimako a duniyar Linux 'yan sa-kai ne, kuma suna amsa wa wanda ya kawo bayani cikakke. "Wi-Fi ɗina ba ya yi" ba zai samo maka komai ba. Faɗi sigar da kake kai, liƙa sakamakon inxi -Fxz, wanda harafin z ɗinsa ke ɓoye lambobin sirrin na'urarka, kwafo saƙon kuskuren harafi da harafi, ka faɗi abin da ka riga ka gwada. Idan aka warware, koma ka rubuta abin da ya yi aiki, domin wani mai irin kwamfutarka yana nan tafe.

Saura ranar da na'urar kanta ta samu matsala, ka kai ta wurin mai shago ko wakilin kamfani, ya ga ba Windows ba ce ya ce ai manhajarka ce ta jawo. Kada ka tsaya musu. Yawancin kwamfutocin ofis suna da gwajin lafiya a cikin BIOS wanda bai shafi kowace babbar manhaja ba: a Dell danna F12 ka zaɓi Diagnostics, a HP danna F2 lokacin tashi. Bar shi ya gwada RAM, ma'adana, batir da fanka, ka ɗauki hoton lambar kuskuren da ya fitar da wayarka, ka nuna masa ita. Kafin ka miƙa kwamfutar, kwashe takardunka, kuma ka gaya wa mai gyaran a fili cewa ba ka yarda a goge ma'adanar ba.